Yadda ake gane saitin tayoyin baya ya ɓaci, da yadda ake auna shi da gyara shi

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin direbobi da yawa, har da wasu makanikai: wai "baya ba a yi masa alaimen", wato ba a saita tayoyin baya. Wannan magana ta cinye mini sababbin tayoyi biyu cikin 'yan watanni a kan wata Camry da na taɓa riƙewa. Sau biyu ina kai ta wurin saiti, kowane zuwa a ɗaura na'ura a tayoyin gaba kaɗai, a murɗa, a miƙo mini makulli. Sitiyari bai daina zama a karkace ba, tayar baya ta hagu kuma tana ta suɗewa ta gefe guda. Sai ranar da wani dattijon makanike ya ja zare a gefen motar, ya durƙusa da rula a hannu, sannan aka ga inda gizo ke saƙar. Tun daga ranar nake faɗa wa duk wanda ya tambaye ni cewa ya fara duba baya kafin ya taɓa gaba.

Me ake nufi da saitin?

Ka tsaya ka dubi ƙafafunka. Idan ka juyo da manyan yatsunka suna fuskantar juna, ka tsuke. Idan ka ware su waje, ka buɗe. Haka tayoyi suke idan aka leƙo mota daga sama. In goshin tayoyin biyu ya fi kusa da juna a kan bayansu, makanikai na ce masa to-in, wato tsukewa. In goshin ya ware, shi ne to-awut, wato buɗewa. Yawancin ƙananan motoci an ƙera su ne da 'yar tsukewa a baya, ta milimita ƙalilan idan an haɗa tayoyin biyu, domin ita ke sa mota ta nutsu a kan hanya. Ainihin adadin yana cikin littafin motarka ko cikin kwamfutar masu saiti, kuma kowace mota da nata.

Tayoyin gaba suna da mai tsawatar musu, wato hannunka a kan sitiyari. Na baya ba su da kowa. Inda suka kalla, nan gindin mota zai bi, kamar yadda mai tuƙin kwalekwale da ke zaune a baya yake juya jirgi duka da filafili ɗaya. Ɗauki misali: tayar baya ta hagu ta tsuke da yawa, ta dama tana daidai. Gindin motar zai riƙa zamewa dama, hancinta ya juya hagu, kai kuma dole ka karkata sitiyari dama kafin ka tafi sak. Motar tana tafiya, amma a kaikaice. A mota mai tazarar mita 2.7 tsakanin tayoyin gaba da na baya, karkatar rabin digiri kaɗai tana gusar da sawun baya da sama da santimita 2 daga na gaba.

Ɓarnar da yake yi

Ta farko a taya take. Taya mai lamba 195/65 R15 tsayinta kusan milimita 634 ne. In ta kauce da milimita 3 tsakanin goshinta da bayanta, a kowane kilomita ɗaya tana neman ta bar hanya da kusan mita 4.7, motar kuma tana jan ta da ƙarfi tana dawo da ita. Ka lissafa daga Kano zuwa Kaduna, kusan kilomita 230: kamar ka ja tayar nan a gicciye ne a kan kwalta fiye da kilomita guda. Milimita 3 fa, abin da ido ba ya gani. Wannan gogar tana ƙara wa taya zafi, tana kuma ƙara shan mai, tunda inji yana kokawa da tayar da ba ta son bin hanyar.

Ta biyu ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin ita ke taɓa rai. Idan tayoyin baya suka buɗe, mota ba ta da nutsuwa a guje. A kwana, nauyi yana komawa kan tayar waje, ita kuma tana kallon waje, sai ta ɗauki gindin motar ta fitar da shi fiye da yadda ka nufa. Direba ya ji kamar an tura shi daga baya, ya fizgo sitiyari, daga nan sai abin da Allah Ya yi. A busasshiyar kwalta mai kyau za ka iya daɗewa ba ka lura ba, saboda tayoyin biyu suna ture juna ƙarfinsu ya zo ɗaya. Amma da damina, ko inda iska ta watso yashi a gefen titi, da zarar taya ɗaya ta taka ruwa ko yashi ta rasa kamu, ɗayar ce za ta yi rinjaye, gindi ya yi wuf ya zille gefe. Tsukewar da ta wuce kima ma tana jawo irin wannan zillewar a santsi, ga cin taya, ga kuma sa mota ta yi nauyin shiga kwana.

Mataki na farko: karanta tayar da tafin hannunka

Ka ajiye mota, ka bar tayoyi su huce. Ka fara duba da ido ko babu waya da ta fito, don kada ta yanke ka. Sannan ka shafa tafin hannunka a kan haƙoran tayar baya a gicciye, daga waje zuwa ciki, ka dawo daga ciki zuwa waje. Lafiyayyiyar taya iri ɗaya za ka ji ta kowane ɓangare. Wadda saiti ya ci, ta ɓangare ɗaya sumul, ta ɗayan tana kama hannu kamar bakin zarto. In kaifin yana fuskantar cikin mota, tsukewa ta yi yawa, kuma galibi gefen waje ne zai fi cinyewa. In kaifin yana fuskantar waje, buɗewa ce, gefen ciki ne ke tafiya. Gefen cikin nan shi ke yaudarar mutane, domin daga waje taya tana nan fes, alhali ta ciki ta kai ga waya. Ka durƙusa ka leƙa da tocila.

Kada ka ɗora wa saiti laifin da ba nasa ba. Taya da ta cinye ta gefe biyu ta bar tsakiya, ƙarancin iska ne. Wadda ta cinye ta tsakiya, iska ce ta yi yawa. Wadda gefe ɗaya ya suɗe sumul ba kaifi, yawanci kwanciya ta yi, samanta ya jingina ciki ko waje, kuma wannan wani awo ne daban.

Akwai wani ci na musamman da ake gani a bayan motocin da ke ja da gaba, inda baya ba shi da nauyi: tabo-tabo a gicciye, a karkace, zagaye da tayar. Tayar tana goga, ta yi ɗan tsalle, ta sake goga. Irin wannan taya tana gurnani a guje, kuma mutane da yawa sun canza boris (ƙarfen cibiya da taya ke juyawa a kansa) mai lafiya saboda ita. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: ka mayar da tayoyin baya gaba, na gaba baya. In ƙarar ta bi tayar, boris ba shi da laifi.

Mataki na biyu: ka sa a bi ka a baya

Ka sami miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, ka tuƙa a hankali, wani ya biyo ka a wata motar yana kallo. In yana hango gefen motarka ɗaya fiye da ɗayan, ko yana ganin tayar gaba ta leƙo ta gefe guda, tafiyar kaikaice ce. Kai kuma ka lura da inda tambarin sitiyari yake tsayawa lokacin da kake tafiya sak. Ɗan jan dama kaɗan ba abin damuwa ba ne, tunda a hannun dama muke tuƙi kuma ana gangarar da titi zuwa gefe don ruwa ya wuce. Wata dabarar ita ce ka jiƙa ƙasa, ka ratsa ta sak, ka sauko ka dubi sawun. Ya kamata sawun baya ya hau na gaba iri ɗaya hagu da dama.

Mataki na uku: san irin bayan motarka

Nan ne maganar "baya ba a yi masa alaimen" ta samo asali, domin akwai gaskiya a cikinta ga wasu motoci. Hilux da Hiace masu aksul guda da sifirin na ganye ba su da wurin murɗawa. Amma aksul ɗin yana iya gocewa gaba ɗaya idan santa bol, wato bol ɗin tsakiya da ke tsayar da aksul a kan sifirin, ya karye ko ƙarafan da suka ɗaure shi suka saki, abin da lodi mai yawa da ramuka ke jawowa. Shi ya sa kake ganin wata bas tana tafe kamar za ta shiga daji da gefe. Ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a hagu, ka auna a dama, sitiyari yana tsaye. In sun bambanta sosai, ka duba santa bol.

Golf 3 da Corolla irin ta 2003 zuwa 2008 da aka fi gani a nan, ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyin bayansu, kuma kamfani bai sa wurin saiti ba. In awo ya nuna sun kauce, to ko ƙarfen ya lanƙwashe, ko manyan bushin, wato robobin da suka riƙe shi a jikin mota, sun mutu. Ƙaramar kaucewa ana gyara ta da siririn faranti mai kauri ta gefe ɗaya da ake sawa a bayan mazaunin taya. Babba kuwa sai an canza ƙarfen. Duk wanda ya ga yadda ake danƙara wa Golf buhuna a tasha har but ya ƙi rufuwa ba zai yi mamakin lanƙwashewarsa ba.

Camry, Accord da Peugeot 406 kuwa kowace tayar baya da hannuwanta, kuma an yi musu wurin saiti takanas. A Camry irin ta 2002 zuwa 2011, ɗaya daga cikin hannuwan da ke kwance a gicciye yana da bututu mai zare da noti biyu, ana juya shi ya tsawaita ko ya gajarta. A Accord ta 2003 zuwa 2007 bol ne mai faranti wanda raminsa ba a tsakiya yake ba, da ka juya shi sai ya tura hannun ciki ko waje. Irin waɗannan motoci su ne saitinsu ya fi saurin ɓaci, su ne kuma aka fi yi wa rashin adalci a wurin saiti.

Mataki na huɗu: gyara abin da ya saki kafin awo

Awo a kan mataccen bushin ɓata lokaci ne, domin lambar da ka gani a tsaye ba ita za ta kasance a guje ba. Ka ɗaga mota, ka tokare ta da abin tokara na ƙarfe, kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka kama tayar ta gaba da bayanta ka jijjiga, ka kama sama da ƙasa ka jijjiga. Duk wani ƙwas-ƙwas na nufin boris ko bushin ko mahaɗa. Ka sa ƙarfe ka ɗan banƙara kowane bushin ka ga ko robar ta tsage. Ka dubi hannuwan da kyau, ka gwada na hagu da na dama: sirara ne, kuma abu biyu ke yawan lanƙwasa su bayan faɗawa rami da dukan gefen kwalbati. Ɗaya, mai faci ya kafa jak a ƙarƙashinsu don sauri. Biyu, a ɗaura musu igiya lokacin da mota ta kafe a taɓo ko yashi. Ka tsaya a kan motarka duk lokacin da za a ɗaga ta ko a ja ta. Hannun da ya lanƙwashe a canza shi. Wanda aka gasa da wuta aka miƙar ya riga ya rasa ƙarfinsa.

Mataki na biyar: awo da zare

Wannan shi ne abin da dattijon nan ya yi, kuma kowa zai iya. Kana buƙatar daɓe mai shimfiɗa ɗaya, bututu ko katako biyu miƙaƙƙu da suka fi faɗin mota, abin ɗora su guda huɗu, zaren magina ko na fatsa, da rula ta ƙarfe mai milimita. Ka daidaita iskar tayoyi yadda aka rubuta a jikin ƙofar direba, ka sauke kaya daga but. Ka tura motar gaba mita biyu ko uku ta tsaya da kanta, kada ka auna motar da aka sauke daga jak yanzu, domin tayoyinta ba su koma mazauninsu ba. Sitiyari ya tsaya sak.

Ka haɗa bututun biyu wuri ɗaya ka yi musu shaida biyu-biyu a daidai wuri guda, yadda tazarar shaidun za ta zama ɗaya a kowanne. Wannan shi ne sirrin aikin, domin shi ke tabbatar da zaren hagu da na dama suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba su tsuke ba, ba su buɗe ba. Ka ɗora bututu ɗaya a gaban mota, ɗaya a baya, a tsayin tsakiyar taya. Ka ja zare daga shaida zuwa shaida a kowane gefe, ya miƙe tsam, kada ya taɓa komai.

Yanzu sai haƙuri. Ka riƙa gusar da bututun baya har tazarar zare zuwa cibiyar tayar baya ta hagu ta zama ɗaya da ta dama. Ka yi haka a gaba. Gusar da ɗaya yana taɓa ɗayan, don haka za ka kai ka komo sau uku ko huɗu. Ba dole ne lambar gaba ta zo ɗaya da ta baya ba, tunda a motoci da yawa faɗin gaba da na baya sun ɗan bambanta. Abin nema shi ne hagu ya yi daidai da dama.

Sai ka auna daga zare zuwa leɓen wili ta goshin tayar baya, ka rubuta, ka auna ta bayanta, ka rubuta. A ƙarfen wili ake aunawa, ba a roba ba, saboda rubutun jikin taya da kumburinta suna ruɗa awo. In lambar goshi ta fi ta baya, tayar ta tsuke. In ta baya ta fi, ta buɗe. A wili mai inci 15, bambancin milimita 1 kusan digiri 0.15 ne. Misali ka sami 52 da 51 a dama, ka sami 55 da 50 a hagu: dama ta tsuke da milimita 1, hagu da 5, ka kama ɓarawon. Abu biyu kake nema, jimillar ta faɗa cikin abin da kamfani ya ce, kuma a raba ta daidai tsakanin hagu da dama. Jimilla tana iya yin daidai alhali ɗaya ta tsuke ɗaya ta buɗe, shi ya sa awon tef daga taya zuwa taya kaɗai ba ya isa.

Wilinmu kuwa kaɗan ne bai sha dukan rami ba. Don haka ka tura motar tayar ta yi rabin juyi, ka sake daidaita zaren, ka sake aunawa. In lambobin sun canza sosai, wilin ne ya lanƙwashe, sai ka ɗauki tsaka-tsakin awon biyu ko ka ɗaura wili mai kyau.

Mataki na shida: murɗawa

An fi yin wannan a kan rami, nauyin mota yana kan tayoyinta. Kafin ka kwance komai ka yi shaida da fenti, don ka san inda ka taso. A mai bututu, ka sassauta noti biyun, ka tuna ɗaya zarensa na hagu ne, wato a juye ake kwance shi, ka juya bututun rubu'in juyi, ka tura mota baya da gaba, ka sake aunawa. A mai faranti, ka riƙe kan bol ɗin da sifana, ka sassauta notin, ka juya bol ɗin layi ɗaya-ɗaya na layukan da ke jikin farantin. Lokacin ɗaurewa ka ci gaba da riƙe kan bol ɗin, in ba haka ba zai juya ya tafi da aikinka. Bayan ka ɗaure ka sake aunawa.

Motocin Beljiyam da suka fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara sukan zo da waɗannan bol sun ci tsatsa sun manne da ƙarfen cikin bushin. In ka tilasta, robar za ta yage. Ka fesa man kwance tsatsa tun kwana ɗaya kafin aikin. Kada ka yarda a kunna wutar walda a wurin, ga roba, ga tankin mai a kusa. In ya ƙi, a yanke shi a sa sabon bol da bushin. In za ka kasuwar kayan gyara, Kofar Ruwa ko Panteka, ka tafi da tsohon a hannu don a gwada.

Da baya ya zauna, sai a koma gaba a saita shi ya bi layin baya, sitiyari yana tsaye. Wannan jerin ba a juya shi.

In wurin masu kwamfuta za ka

Zare yana nuna maka matsala, yana kuma iya fitar da kai, amma na'ura mai kyau a hannun wanda ya iya ta fi shi daidaito. Ka ce musu tun farko, "Malam, ƙafa huɗu nake so a duba." Ka tabbata an maƙala abin awo a tayoyi huɗu, an kuma zaɓi sunan motarka da shekararta a kwamfutar. Ka nemi ganin lambobin baya, hagu da dama, da lambar da ke nuna karkatar layin baya daga tsakiyar mota, wadda ya kamata ta kusanci sifili. Ka ɗauki hoton allon da wayarka kafin aiki da bayansa. Ko motarka ba ta da wurin saiti a baya, a auna, domin da wannan lambar za a daidaita gaba.

Motocin da ke da na'urar hana zamewa, wadda Toyota ke kira VSC, Honda ke kira VSA, suna karanta inda sitiyari yake don su san nufin direba. Karkataccen sitiyari yana iya ruɗa ta har fitila ta kama a dashbod, kuma wasunsu suna buƙatar a sake koya musu tsakiyar sitiyari da kwamfuta bayan saiti.

Tayar da ta riga ta yi bakin zarto ba za ta warke nan take ba, za ta ci gaba da ƙara na ɗan lokaci ko da saiti ya yi kyau. In haƙoranta da saura, ka sauya mata wuri. In wani gefe ya sauka zuwa milimita 1.6, ko waya ta leƙo, ta gama aiki. In biyu kaɗai za ka iya saya, ka sa sababbin a baya, ko da motar da gaba take ja, domin gindin da ya zame a ruwa ya fi wuyar kamawa a kan hanci. Bayan mako biyu da saitin ka sake shafa tafin hannunka a kan tayoyin baya, ka kuma maimaita duk lokacin da ka faɗa babban rami ko aka canza bushin, hannu ko shokazoba a baya.